Lambar Akwatin Kawu

Uku ne a kan tebur, kamar 'yan haya masu gaba da juna:
na talabijin ba murfi, robar ɗaure kuɗi ke riƙe batir ɗinsa,
na dikoda ya sha ruwa ranar da kwata ta shigo mana ɗaki,
na sifika kuwa sai ka buga shi a tafin hannu
kafin ya tuna aikinsa.

Kawu Barmo bai san halinsu ba.
Ido ya kawo shi Legas, likitan Idi-Araba ya ce sai bayan wata biyu.
Ni ina Apapa ina ƙirga kwantena,
shi yana Agege yana ƙirga takun masu wucewa.
Da magariba in tarar da shi gaban shuɗin allo,
tun hantsi ya danna abin da ba shi ba,
ya zauna da shirunsa, bai kira kowa ba.

Asabar na bi danfo har Alaba.
Chibuzo ya zaro wani baƙi mai tsawo, ya ce,
wannan, duk akwatin da ke duniya yana jin maganarsa.
Muka ja, muka saki, muka tsaya a dubu huɗu,
ya ƙara mini takarda mai ninki takwas
da rubutu kamar sawun tururuwa a gari.

Riƙe madannin sama har jar fitila ta tsaya cak.
Ta tsaya.
Sifili, ɗaya, bakwai, takwas.
Akwati ko gezau.
Sifili, biyu, huɗu, huɗu.
Mai karanta labarai ya ci gaba da gyara kwalarsa.
Sunan talabijin ɗin ma babu a takardar,
wani suna ne da ya sauka daga jirgin ruwa ba dangi.
A lamba ta goma sha tara aka ɗauke wuta,
duk layin ya yi tsaki lokaci ɗaya.

Na ja igiyar janareta, na dawo da warin fetur a hannu.
Zafi ya sa kowa ya bar ƙofarsa a buɗe.
Sifili, uku, ɗaya, biyar, na danna,
sai ihu daga ɗakin da ke kallon namu:
akwatin Baba Sikiru ne ya mutu
daidai lokacin da za a buga fenariti.
Ya fito da zane a kafaɗa yana zagin masu wuta,
ni kuwa na tura rimot ƙarƙashin cinya
ina taya shi jaje.

Kawu ya yi dariya har da tari.
Ya ce, yaro, ba ka san sunan saniya ba kake kira,
dole ta maƙwabci ta waiwayo.
Bi su ɗaya bayan ɗaya, kar ka yi fushi.

Na rufe ƙofa. Na riƙe, na danna, na jira,
na danna, na jira,
gumi na bin gwiwar hannuna yana ɗiga a leda.
Wajen dannawa ta sittin allon ya yi ɗif.
Ashe alamar ya ji ka ita ce ya yi shiru.
Na kulle lambar, na tashe shi, ya tashi.
Dikoda ta bi a gwaji na biyu, sifika ta ja rai har sha ɗaya.

Na kunna kyandir, na ɗiga a kan madanni biyu,
ɗigo ɗaya na kunnawa, ɗigo biyu na tashar Hausa.
Kawu ya shafa da babban yatsa, ya sake shafawa,
kamar mai duba ƙwayar gero a kasuwa.
Lambar na rubuta ta a bayan kalanda.

Litinin, ina tsakanin tireloli, na buga masa waya.
Ya daɗe bai ɗauka ba.
Da ya ɗauka, sai muryar wata mata a bayansa tana faɗin farashin masara,
ya ce, kira ni an jima, ana labarai.